Kumburin Cikin Haulatu

"Ba juna biyu ba ne, iska ce," in ji malamin asibitin Kankiya. "Tunani da rashin barci suka hana abinci narkewa. Sha wannan, ki bar cin wake, kwana bakwai kumburin zai sace."

Haulatu ta karɓi kwalbar. Shekara biyu ke nan da yaƙin basasa ya cinye mijinta. Uwarsa, Inna Ma'u, ba ta sake dariya ba sai da cikin nan ya taso. Ta ce kwantaccen cikin ɗanta ne ya tashi.

A hanyar komawa gida Kusada Haulatu ta tuttular da maganin.

Tsohuwar ta tarbe ta a zaure. "Mi suka ce?"

"Yana nan lafiya, Inna."

Haulatu ta wuce ciki, ta ɗora tukunyar wake.