Bijimin Da Ya Ba Rubutu Baya

Malam Badamasi ya goge jan launin da ya shafa wa kan shafin, ya mayar da shi fari, yana ƙwafa.

A makarantun firamare na Gwarzo ya ƙare aikinsa. Da ya yi ritaya yana hedimasta, sai ya koma Lakwaya ya rungumi kiwon da ya gada. Bai taɓa zama ajin koyon zane ba. Da kansa ya buɗe shafin intanet don tallar shanunsa, bisa imaninsa cewa wanda ya iya tsara allo a gaban ɗalibai ba zai kasa tsara shafi ba.

Ƙungiyar masu kiwo ta Gwarzo da Kabo ta yanke shawarar buɗe shafi guda kafin Babbar Sallah, kuma za ta danƙa aikin ga wanda ya nuna iyawa. Badamasi ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa aikin nasa ne. Mutum ne da ba ya jure a ce ya faɗa bai cika ba.

Wanda ya tsaya masa a wuya shi ne Malam Jalo na Gammo, a ƙasar Kabo. Tare suka yi kwalejin horon malamai, kuma tun a can jininsu bai haɗu ba. Jalo ba shi da shafi, bai kuma nemi aikin ba. Hasali ma ya daɗe da ƙaurace wa taron ƙungiya. Sai dai a gan shi a kasuwannin shanu yana zagayawa, ba saye ba sayarwa. Amma tun ranar da Badamasi ya tura shafinsa zauren ƙungiyar a waya, Jalo ya dawo da ƙarfinsa.

“Hedimasta, shafi ne wannan ko zanen atamfa?” ya rubuta. Badamasi ya rage launukan zuwa biyu.

“Rubutun kuma kamar tururuwa ta bi ta kan tawada.” Badamasi ya ƙara girman haruffa, ya datse dogon tarihin da ya zuba, ya bar fili tsakanin layi da layi. Shafin ya fara kyau, wannan kuwa shi ya fi ƙona masa rai, domin gyaran maƙiyinsa ne.

Sai Jalo ya koma kan hoto. Guda ɗaya ne a shafin, na garken duka, an ɗauko shi daga nesa.

“Waɗannan shanu ne ko ƙudaje? In akwai na nunawa a garken, a nuna shi. In kuwa duk ramammu ne, a gaya wa jama'a gaskiya.”

Akwai na nunawa. Wani farin bijimi ne mai tozo, wanda Badamasi yake ɗaurewa a bayan gida. Bai taɓa kai shi kasuwa ba, ba ya kuma bari a kora shi kiwo ta wajen iyakar Kabo. Ya yi jinkiri, sannan ya zagaya ta ɓarin dama ya ɗauke shi hoto, ya ɗora hoton babba a gefen dama na shafin. Jama'ar zauren suka yi ta sa albarka.

Jalo bai sa ba.

“Ashe har dabba ta san abin kunya,” in ji shi. “Ku duba, bijimin ya ba rubutun Hedimasta baya, yana neman hanyar fita daga shafin. Ko ɗan aji ɗaya ya san hoto rubutu yake fuskanta.”

Dariya ta cika zauren. Har Mijinyawa, shugaban ƙungiya, ya rubuta cewa maganar tana kan hanya.

Badamasi ya yi ƙoƙarin mayar da rubutun ɗaya gefen, shafin ya wargaje, layuka suka hau juna. Ya mayar, ya sake gwadawa, ya sake wargajewa. Cikin fushi ya ɗauki waya ya nufi bayan gida. Ya tsaya ta hagun bijimin, ya matsa kusa yadda babu mai sake kiransa ƙuda, ya ɗauka. A sabon hoton, dabbar tana kallon rubutu sosai, kai a ɗage, komai tangaran.

“Madalla,” Jalo ya rubuta. “Yanzu kam ya fito.”

Badamasi ya karanta ya maimaita. A iya saninsa, wannan ne karo na farko da Jalo ya sakar masa kalmar yabo.

Washegari yana saka babbar riga zai tafi taron ƙungiya, ya ji babura sun tsaya a ƙofar gida. Ya fito da fara'ar mai karɓar barka. Mijinyawa ne da mai unguwa da Jalo, babu mai murmushi a cikinsu. Jalo bai ko amsa gaisuwarsa ba. Igiya ce a hannunsa ɗaya, ɗayan kuma waya, ya buɗa hoton har kunnen hagu ya cika fuskarta: tsaga biyu da huda, shaidar gidan su Jalo tun kakanni, wadda ya yi wa maraƙinsa da hannunsa kafin ya ɓace a dajin Gammo.