Sharaɗin Fada

Bayan karyewar darajar sefa aka fara kwashe baƙi marasa takarda a unguwar Lalala. Ikirama direba ya faɗo ofishin cocin Katolika yana haki, wurin budurwarsa Inès sakatariya.

Ta rufe ƙofa, ta miƙa masa takarda da biro. "Fada zai ɗaura mana aure, ya tsaya maka wurin hukuma. Amma sai ka sa hannu 'ya'yanmu na coci ne."

A waje motar jandarmomi ta tsaya.

"In na ƙi fa?"

"Su mayar da kai Maraɗi. Ni kuwa aikina da karatun ƙannena a hannun Fada suke."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye biron. "Buɗe mini, Inès."

Ta jingina da ƙofar tana kuka, ta ƙi matsawa.