Harsashin da Oom Stoffel Ya Zaɓa

Kwali huɗu na harsashi Oom Stoffel ya gwada a filin gwajin mai sayar da harsashi, amma faifan yumɓun da ake cillawa sama ko ɗaya bai fasa ba. Bindigarsa mai ɗura kanta ce, kowane harbi sai ta tofar da kwanson harsashin ta dama.

A kwali na biyar ya washe baki. "Yauwa! Wannan nake so."

Mai sayar da harsashin ya zaro ido. "Haba Oom, wannan ma ai iska ka harba!"

"Wa ya ce maka faifai nake kallo? Dubi inda kwanson ke faɗawa. Taku uku cif, da zafinsa!"

"To, sai me?"

"Ranar gasar harbi nan mijin ƙanwata zai tsaya. Shekara uku yana cinye kofin. Kuma wuyan rigarsa kullum a buɗe."