Tafiyar Sai-Gobe

Da labari ya zo cewa reshen kamfanin na ƙasar waje yana neman ma'aikaci ɗaya, sai aka ga Anti ta shiga ofishin Manaja ba tare da an kira ta ba. Ita ce mai kula da sha'anin ma'aikata, kuma duk wanda za a tura wata ƙasa ta hannunta yake bi: biza, izinin aiki, masauki, tikiti. Babba da yaro Anti suke ce mata.

Manaja ya riga ya zaɓi mutuminsa, wani haziƙin akanta. Anti ta tuna masa cewa matar akantan tana da tsohon ciki, ba zai yi kyau a raba su yanzu ba. Ta kawo sunan Sai-Gobe.

Manaja ya cire tabarau ya dube ta. Sai-Gobe ya samo sunan nan ne daga nasa bakin, domin duk aikin da aka ba shi amsarsa ke nan. Yana zuwa a makare, ya yi hamma har azahar, kuma ba a taɓa ajiye abinci a firjin ofis ya kai la'asar ba.

“Mutum ne mai saurin sabo da wuri,” in ji Anti. “Duk inda aka ajiye shi, ranka ya daɗe, zama yake yi.”

Ba ta fita ba sai da Manaja ya sa hannu.

Shi gogan, Sai-Gobe, bai yi murna ba. Ya zo teburinta yana sosa ƙeya, ya ce ya ji labarin sanyin ƙasar, kuma shi inda yake zaune ba shi da wata damuwa. Abinci a kan lokaci, wanki a goge, ga talabijin.

Murfin biron da ke hannun Anti ya tsage. Ta yi murmushi, ta ce ci gaba ba ya zuwa sau biyu, ya kawo fasfonsa gobe.

Gobe ta yi, ya ce fasfo ya ɓata, ya duba ko'ina. Anti ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Duba saman kabad, bayan kwalin takalma.”

Manaja, wanda ke wucewa, ya tsaya yana mamaki. Ta ce ai duk maza can suke jefa shi. Can kuwa aka same shi.

Daga nan ofis ya ga aikin da bai taɓa gani ba. Hoton da Sai-Gobe ya kawo idonsa a lumshe, ta tasa shi gaba har shagon mai hoto. Ta kai shi gwajin lafiya da motarta, ta zauna a bakin ƙofa don kada ya sulale. Lokacin cin abincin rana ta mayar da shi lokacin bita: me ya kai ka, wa zai ɗauki nauyinka, mene ne aikinka. Tambayar ƙarshen ce ta fi ba su wahala.

Ranar ganawa a ofishin jakadanci, mutumin da bai taɓa riga kowa zuwa aiki ba shi ne na farko a layi, da wanka, da aski, da riga mai guga. Abokan aiki suka yi ta tambayar yadda aka yi. Ya ce shi dai ya farka ya ji fuskarsa a jiƙe.

Ko masaukinsa ba ta bar wa ’yan can su zaɓa ba. Ta buga waya ta ce a nemi gida mai kaurin bango saboda maƙwabta, mutumin yana da minshari. A sa firji babba. A nuna masa yadda ake kunna injin wanki, a tsaya a ga ya kunna da hannunsa.

Ana saura kaɗan tafiya, hukumar shige da fice ta can ta dawo da takardar neman izinin aikin. Wai bayanin aikin bai dace da takardun karatunsa ba. Manaja ya ce to a haƙura, a jira matar akanta ta haihu. Sai-Gobe ya yi ajiyar zuciya, ya ce dama komai da lokacinsa.

Anti ta rufe ƙofar ofishinta. Aka yi ta jin muryarta a waya, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da karanto sashen doka. Ta sake rubuta bayanin aikin ba tare da ƙarya ko ɗaya ba, ta nemo shaidar wani kwas da shi kansa ya manta ya yi. Ko ruwa ba ta sha ba sai da izini ya fito.

A taron ban kwana Manaja ya ce bai taɓa ganin jami'ar da ta ɗauki ma'aikaci kamar ɗan'uwanta irin Anti ba. Ta sunkuyar da kai cikin kunya.

Ita ta kai shi filin jirgi. A bakin shiga ya juyo, idonsa ya kawo ruwa, ya tambayi tikitin dawowa.

“Kwangilar ana sabunta ta,” ta ce. “Kar ka sa wa ranka gaggawa.”

Ba ta motsa ba sai da ta ga jirgin ya shige gajimare.

Da ta isa gida ta cire takalmi, ta miƙe a doguwar kujerar falo, ta kunna tashar da take so. Mijinta ya leƙo ya tambaya ko jirgi ya tashi lafiya.

“Lafiya ƙalau,” ta ce. “Ƙanin naka da ya zo mana kwana biyu tun ina goyon auta ya tafi. Idan auta ta dawo daga makaranta, ku fitar min da katifarsa daga ɗakin baƙi.”