Hannun Hagu

Ma'aikaci bai taɓa jin rauni a gidan abincin nan ba, haka manaja ya sha faɗa. Gaskiyarsa kuwa, domin ranar da injin niƙa nama ya cinye wa kuku yatsu huɗu na dama, sai aka gano ashe tun da safe aka sallame shi. Diyya kuma ta ma'aikata ce.

A gida kukun ya zuba wa kwano ido, yana kunyar sa hagu gaban 'ya'yansa.

"Baban yara, ci mana," in ji matarsa. "Ko girkina bai kai naka ba?"

Ya ɗago kai. Ita da yaran duk da hagu suke ci, shinkafa tana zubar musu a cinya.