Robar da Na Ɓoye wa Mama

Mama ce ta fara lura nonona na hagu ya kumbura, ya yi tauri kamar dutse. Ko mayafi ban gama yafawa ba ta ja ni asibiti.

A hanya salati kawai take. Ni kuwa tsorona biyu ne, ga ciwo ga tonon asiri. Bara na je a ɓoye aka sa min roba a nono, na ce mata ƙiba na yi.

Likita ta duba hoton nonon da aka ɗauka, ta nemi Mama ta ba mu wuri. Mama ta ƙi. Na runtse ido na ce wa likita ta faɗa kawai.

"Robar ce ta fashe, tana yoyo a ciki. Dole a cire ta."

Na sunkuyar da kai ina jiran mari.

"Likita, ba ciwon daji ba ne?" in ji Mama.

"Ba shi ba ne."

Mama ta zube a kujera tana hamdala. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Abin da na taɓa, na san shi, roba ce.

"Ke don ado kika sa. Ni nawa yanke shi aka yi kina rarrafe. Na zaci gadon ciwon na ba ki."