Ƙarfen Bangon Banɗaki

Saura kwana biyar a sallamo mahaifin Malama, wata malamar makaranta, daga asibiti. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma ya fara takawa da sanda, kuma tsohon ya kafe a kan magana ɗaya: ba zai yarda 'yarsa ta riƙa yi masa wanka ba. Tela ne da ya shekara arba'in yana suturta mutane, yanzu a ce ya tuɓe a gaban 'yar cikinsa? Ya ce gara a bar shi a gadon asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta rubuta wa Malama takarda. A kafa ƙarfen riƙo a bangon banɗaki, daf da wurin wanka, wanda zai iya ɗaukar nauyin babban mutum. Har layi biyu ta ja a ƙarƙashin maganar nauyin.

Malama ta kai takardar wani kamfanin gyaran gidaje, aka haɗa ta da manajan aiki. Aikinsa ke nan da ake ba shi albashi dominsa: ya ji abin da mai aiki yake so, ya fahimtar da ma'aikata, sannan ya je ya duba da idonsa. Ba-Matsala ma'aikatan kamfanin suke kiransa a bayan idonsa, don ba a taɓa faɗa masa magana ya bari an kai ƙarshenta ba.

"Don Allah ka karanta da kyau," in ji Malama. "Babana ne zai..."

"Ba matsala, Malama. Ki ɗauka an gama. Wannan ai ko ido rufe ma yi shi."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a akwatin gaban motarsa.

Mutumin yana da wani katafaren bene da yake kula da gininsa, can hankalinsa yake. Aikin kwana biyar kuwa a wurinsa raini ne. Daga cikin mota yake gudanar da irinsa, waya a kunne, hannu a sitiyari. Haka ya kira mai gyaran famfo.

"Ka sa ƙarfe ɗaya a bango, gefen shawa."

"Wane iri, ranka ya daɗe?"

"Ƙarfe dai mai kyau. Sai ka ce yau ka fara aiki!"

Mai gyaran famfo bai san da wani tsoho ba, bai san da wani asibiti ba. Ya sayo ƙarfe mai sheƙi, ya maƙala shi da 'yan ƙananan ƙusoshi huɗu, ya ɗauki hoto ya tura. Manaja ya juya hoton zuwa wayar Malama, ya rubuta: "An kammala. A gaida Baba."

Malama tana tsakanin aji da asibiti, ko abinci a tsaye take ci. Ta kira shi ta ce, "Ka je ka gwada shi?"

"Da hannuna," in ji shi, ko muryarsa ba ta girgiza ba. Mutumin da ko launin ƙofar gidan bai sani ba.

Aka kawo Baba gida ranar da aka ce. Washegari da safe ya ɗauki sandarsa, ya ja ƙafa har bakin banɗaki, yana murmushin da ya yi wata biyu bai yi ba.

"Tsaya nan, uwata," ya ce da Malama. "Yau da kaina zan yi."

Ya turo ƙofa. Ta ji zubar ruwa, har da 'yan waƙe-waƙensa na bakin keken ɗinki. Sai ta ji wani ƙara, sai faɗuwar abu mai nauyi.

Da ta banke ƙofar, ta same shi a ƙasa, ba komai a jikinsa, ƙarfen yana damƙe a hannunsa na dama. Bai yi ihu ba. Hannun nasa mai lafiya ya saki ƙarfen yana lalubar abin rufa jiki, ya juya fuskarsa bango.

Ƙashin ƙugunsa ya karye. Likita ya ce da shekarunsa da ciwonsa, kada a sa ran zai sake takawa.

Bayan kwana biyu manaja ya zo gidan, karonsa na farko, tare da mai gyaran famfo. Da mai gyaran famfo ya ga ramukan ƙusoshin a bango, sai ya ɗora hannu a ka.

"Wallahi Malama na rataye tawul na ɗauka. Da an ce mini mutum ne zai riƙe, ai da na huda har cikin bulo. Kalma ɗaya kawai!"

Manaja ya gyara wuyan riga. "Kin san halin ma'aikata. Amma ba matsala, za mu sauya miki wani kyauta."

Kyauta! Malama ta dube shi. Ta bi shi har mota don ta ce kada ya sake tako mata gida. Ya buɗe akwatin gaba zai ba ta katin kamfani, sai ga takardar nan ta faɗo, a ninke gida huɗu yadda ya karɓe ta, har da tabon maiƙo a bayanta. Ya sa ƙafa ya take ta, wai kada ta gani.

Yanzu kullum da safe Malama ce take yi wa Baba wanka a kan gado. Da ta shigo da ruwa sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai ta fita. Rabon da ya kira ta uwata tun waccan safiyar.

Ya kai mai kula da aikin mutane, kada gajartar aiki ta sa ka raina shi. Ka saurari mai aiki har ya dire, ka gaya wa ma'aikata dalilin abin da ka sa su, kuma kada bakinka ya ce an kammala sai hannunka ya gwada.